Aƙilu Aliyu da 'Ya'yanmu na Sabo

(Jawabin da aka gabatar a madadin kwamitin masu sha'awar rubutacciyar waƙa, a wajen taron tunawa da marigayi Alhaji Aƙilu Aliyu da aka yi a Sabo, Ibadan.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam ya sanar da shi magana, ya kuma sanya bambancin harsuna ya zama ɗaya daga cikin ayoyinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  

Bayan haka, mu da kwamiti ya ɗora wa nauyin wannan magana ba malaman jami'a ba ne, ba kuma mawaƙa ba ne. 'Yan kasuwa ne mu, karatunmu na allo ne da na Islamiyya, sai ɗan bokon da ake rubuta rasit da shi. Saboda haka kada wani ya sa ran jin lacca irin ta manyan makarantu, magana za mu yi irin ta bakin rumfa. Shi kuwa ɗan kasuwa in an sauke kaya a gabansa, tambaya uku yake yi kafin ya taya: daga ina kayan nan suka fito, mene ne darajarsu, kuma yaya za a adana su kada su lalace a hannu? To, yau kayan da aka sauke mana su ne waƙoƙin Alhaji Aƙilu Aliyu, Allah ya jiƙansa, kuma tambayoyin nan uku su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Daga ina kayan suka fito?

An haifi Malam Aƙilu a shekarar 1918 a Jega, wadda a yau take cikin Jihar Kebbi. Duk wanda ya gaji fatauci ya san sunan Jega. Tun kafin zuwan Turawa babbar kasuwa ce, kuma zango ce ta ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da jakunansu da madugansu, tafiyar wata da watanni. Watau dai mutumin da muka taru dominsa ɗan garin fatake ne, ba baƙo ba ne ga irin rayuwarmu.

Bai zauna a Jega ba. Neman ilimi ya kai shi Kano, daga nan ya wuce Barno, ya shafe sama da shekara 20 a Maiduguri yana karatu yana karantarwa, sannan ya komo Kano, inda ya ƙarasa rayuwarsa har Allah ya karɓi abinsa a shekarar 1999. Ku dubi wannan tafiya da kyau, jama'a. Daga Jega zuwa Maiduguri, daga wannan gefe na Arewa ke nan zuwa wancan gefe, kuma Maiduguri ƙasar Barebari ce, masu harshensu da sarautarsu tun fil azal. Gaskiya ne can ana jin Hausa a kasuwa fiye da nan, amma duk da haka zaman da ya yi zaman baƙunci ne. Shin baƙuncin ya rage masa Hausa? Ko kusa. Sai ma ya zama mutum ne da ya ji Hausar yamma a gida, ya ji Kananci, ya ji yadda harshen yake a bakin waɗanda suka koye shi da girma, ya haɗa duka da Larabcin da ya karanta. Wannan darasi na farko ke nan gare mu mazauna Kudu: nisa da gida ba shi ke kashe harshe ba, rashin amfani da shi ne.

Ya kuma shiga siyasa. Yana cikin magoya bayan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a shekarar 1950, Malam Aminu Kano ya jagorance ta. Zamaninsa zamani ne na manyan fasihai, irin su Malam Sa'adu Zungur da ya rasu a 1958, da Mu'azu Haɗeja, da Na'ibi Wali, da Alhaji Mudi Sipikin, da Malam Aliyu Namangi mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990. A tsakanin waɗannan zaratan ne Aƙilu ya yi fice, ba a fagen da babu kowa ba.

Mafi shaharar littafinsa shi ne Fasaha Aƙiliya, wanda kamfanin NNPC ya buga a shekarun 1970. Kada matasa su ruɗe, NNPC na Zariya muke nufi mai buga littattafai, ba na man fetur ba. Malam Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello shi ya shirya littafin, kuma a kan fasahar Aƙilu ya yi digirinsa na dakta a Jami'ar Landan a shekarar 1977. Kun ji fa. Mutumin da ya taso a makarantar allo, ga shi ana samun babban digiri a Ingila da nazarin abin da ya rubuta da Hausa.

Mene ne darajar kayan?

Waɗanda suka saurari karatun da aka yi ɗazu sun ɗanɗana da kansu, gani kuwa ya kori ji. Aƙilu bai tsaya a wa'azi kaɗai ba, ko da yake malami ne. Ya yi waƙa a kan ilimi, irin Kadaura Babbar Inuwa. Ya yi a kan tarbiyya da zaman jama'a, irin 'Yar Gagara, inda ya zana hoton macen da ta gagari kowa ta shiga duniya. Ya kuma yi Hausa Mai Ban Haushi, wadda ta fi shafar taronmu na yau, inda ya fuskanci masu raina harshensu, masu ganin ba su waye ba sai sun cakuɗa shi da Turanci. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne yalwar kalmomi da iya sarrafa su. Sai ya ɗauko kalmar da ka yi shekara da shekaru ba ka ji ba, ya ajiye ta daidai inda ta dace, ka ji kamar ka haɗu da ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Ga ban dariya, ga zambo, ga habaici, amma in ka gama dariyar sai ka ga ashe da kai ake.

Da muke yawon gayyata, mun ji maganganu iri biyu daga wasu 'yan'uwa, kuma ya kamata a ba su amsa a bainar jama'a.

Na farko suka ce, yaya za a tara Musulmi a kan waƙa, ai waƙa hululu ce? Malamanmu suna zaune, su ne masu fatawa, ba mu ba. Amma abin da muka koya a Islamiyya shi ne, Hassanu bin Sabit mawaƙi ne kuma sahabi ne, da waƙa ya kare Manzon Allah. Ka'abu bin Zuhairu da ƙasida ya zo neman afuwa, aka karɓe shi. Ishiriniyar Alfazazi da Burdar Busiri da ake rerawa a unguwar nan lokacin Mauludi, ai waƙoƙi ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da waƙa suka isar da karatu ga wanda bai iya Larabci ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauye, ta hannun jajis ɗinta na 'Yan Taru. Rubutacciyar waƙa ba kalangu a cikinta, ba goge, ba rawa. Magana ce da aka auna, mai kyau mai kyau ce, mummuna mummuna ce. A wannan layi Aƙilu yake.

Na biyu suka ce, to, waƙa me za ta ƙara wa ɗan kasuwa, ko ana sayen garin rogo da baiti? Wannan tambaya tamu ce, mu za mu amsa ta. An kafa unguwar nan ta Sabo a shekarar 1916, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya isa Kano. Shanu na gangarowa daga Arewa, goro na hawa daga ƙasar Yarbawa. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a nan daga 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kan Sabo wanda ya fito a 1969. Abin da ya gani shi ne abin da kakanninmu suka sani ba tare da littafi ba: cinikin nan duk a kan amana yake tafiya. Mai shanu ya sauka gidan maigida, dillali ya haɗa shi da mahauci, a ba da bashi na kuɗi masu yawa ba takarda ba lauya, a kuma biya. Me ya riƙe wannan amana? Addini ɗaya, al'ada ɗaya, da harshe ɗaya. Bafatake ya taso daga Sakkwato ko Katsina ko Damagaram, ya sauka, ya ji an gaishe shi yadda ake gaisuwa a gidansu, sai hankalinsa ya kwanta ya miƙa dukiyarsa. Har gobe haka abin yake a kara da kasuwar gwari. To, ranar da ɗan maigida ya kasa riƙe hira da baƙon ubansa, ranar baƙon zai fara neman wani masauki. Kun ga ashe harshe jari ne. Waƙa kuwa ita ce rumbun da ake ajiye mafi kyawun harshe.

Dalilin da ya sa littafi kaɗai bai isa ba

Wani zai ce, ai shi ke nan, a sayo littafin a raba wa yara. A sayo ɗin, amma bai wadatar ba, ga kuma dalili.

Rubutacciyar waƙar Hausa a kan ma'auni take tafiya, kuma malamai sun nuna yawancin ma'aunan daga aruli na Larabawa aka samo su, ilimin da Halilu bin Ahmad na Basra ya tsara, mai bahar-bahar irin su Kamil da Mutaƙarab da Ramal da Rajaz. Asalin abin shi ne gaɓa doguwa da gaɓa gajeruwa, a jera su bisa tsari a kowane ɗango, ɗangogi su haɗu su yi baiti, ko ƙwar biyu ko ƙwar biyar, amsa-amo kuma ya riƙe ƙarshensu. In ka ja inda ya kamata ka taƙaita, ko ka taƙaita inda ya kamata ka ja, waƙar ta karye, kamar buhun da aka ɗinka da ruɓaɓɓen zare.

Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna wannan ja da taƙaitawa, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya. Alal misali, a rubuta gari. Garin da ake zaune ciki ne, ko garin da ake tuwo da shi? A rubuta kuka. Kukan yaro ne, ko kukar miya? A rubuta fari. Launi ne, ko rashin ruwan sama? A takarda duk ɗaya ne, a baki kuwa kowanne da muryarsa. Wanda ya tashi yana jin Hausa dare da rana ba ya ko tunani, bakinsa ke gyarawa da kansa. Amma yaron da bai ji ba, takarda ba za ta gaya masa ba. A nan ma ajami ya ɗan fi boko, domin kuwa alif da wawu da ya suna taimaka wa mai karatu ya san inda zai ja. Sannan ga haruffan nan masu lanƙwasa. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Bata daban, ɓata daban. Saboda haka waƙa sai an ji ta daga bakin wanda ya iya, kamar yadda ba a koyon tajwidi daga littafi sai an gurfana gaban malami.

Abin da muka ji yau

Yanzu mu dawo kan karatun da aka yi a wannan fili. Kun ji dattijon nan, babanmu na layin 'yan goro, wanda ya tashi ba takarda a hannunsa, ya zuba baitoci da ka, da irin karin da ya ji a rediyo da kaset tun yana saurayi. Fili ya yi tsit, har masu sayar da ruwa suka tsaya. Allah ya ƙara masa lafiya. Amma mu tambayi kanmu, irinsa nawa suka rage a Sabo? Kuma in Allah ya yi ikonsa a kansu, wa ya karɓi abin da ke ƙirjinsu?

Kun ji 'yarmu ta makarantar Islamiyya da ta karanta waƙar ilimi. A nan aka haife ta, ba ta taɓa kwana a Arewa ba, amma ba ta karya ɗango ko ɗaya ba. Da muka bincika, sai aka ce kakarta ce take zama da ita da dare. Allah ya saka wa wannan tsohuwa da alheri, ita ce malamar da ba a ba allo ba.

Kun kuma ji saurayin nan da ya karanta Hausa Mai Ban Haushi daga wayarsa. Ya yi tuntuɓe a wurare, ƙa ta zame masa ka, ɗa ta zame masa da, har muka ji wasu suna dariya a baya. Don Allah, 'yan'uwa, kada a ƙara. Wannan yaro ya fi ƙarfin dariya. Sa'o'insa da yawa suna nan zaune, ba wanda ya yarda ya tashi, shi ya tashi gaban Sarki da malamai ya kama waƙar da ko a Kano ba kowa ke iya ta ba. Ɗanmu, in kana jin mu, kwamiti na gode maka, kuma a zama na gaba kai za ka buɗe fili. Dariya irin wannan ita ke sa yaro ya rufe bakinsa, ya koma harshen da ba a yi masa dariya a ciki. Daga nan kuma sai a ce ya watsar da Hausa, alhali kuwa kora aka yi.

Mu dubi ranar yaron Sabo yadda take. Da safe makarantar boko, Turanci. A hanya da filin ƙwallo, Yarbanci da Turancin buroka. Da yamma Islamiyya, Larabci. Da dare waya. Uba ya fita kasuwa tun asuba, sai bayan Isha'i. To, Hausar da ta rage masa ita ce ta zo ka ci, je ka sayo, tashi ka yi salla. Da wannan ba a fahimtar Aƙilu, ba a ma fahimtar wa'azin Juma'a sosai. Shi ya sa a wasu gidaje za ka ji yaro ya ce mace ya zo, ko a yi masa karin magana ya tsaya yana kallon mutum. In aka kai shi gida hutu, 'yan'uwansa su riƙa kiransa ɗan Kudu, a nan kuma a ce masa ɗan Arewa. Wannan ba ƙaramin ciwo ba ne a zuciyar yaro.

Kada kuma a fahimce mu a karkace. Ba mu ce yaro ya bar Yarbanci ba. Wallahi jin Yarbanci alheri ne, da shi muke ciniki, da shi muke zaman lafiya da masu masaukinmu, kuma a lokacin fitina wanda ya iya harshen maƙwabcinsa shi ke kashe wuta. Turanci ma dole ne, ba a cin jarrabawa sai da shi. Abin da muke cewa shi ne a ƙara, kada a musanya. Hasali ma maƙwabtanmu abin koyi ne a nan. Ku dubi yadda suke riƙe da oriki, kirarin gidajensu, uwa na yi wa jariri tun yana goye. Ku dubi yadda suka girmama mai waƙar ewi, marigayi Alhaji Lanrewaju Adepoju na nan Ibadan, wanda ya rasu a 2023. Wanda ya riƙe nasa shi ke ganin girman na wani.

Yaya za a adana kayan?

'Yan goro sun fi kowa sanin amsar. Goro ba a ɗaure shi a huhu a jefa ɗaki a manta. Sai an shimfiɗa masa ganye, a riƙa buɗewa lokaci lokaci ana juyawa, ana sake ganyen, ana tsince wanda sankara ta taɓa. In an yi haka sai ya daɗe har ya zama daushe, kuɗinsa ya ƙaru. In an yi sakaci kuwa, ranar da aka buɗe sai a tarar da asara. Taro irin na yau, in sau ɗaya ne a shekara, a ci shinkafa a ɗauki hoto a watse, ɗaure huhu ne a jefa ɗaki.

Magabata sun nuna mana hanya. A shekarun 1970 akwai ƙungiyoyin mawaƙa a Kano. Shi Malam Aƙilu ya jagoranci Hausa Fasaha, Alhaji Mudi Sipikin, wanda ya rasu a 2013, ya jagoranci Hikima Kulob. 'Yan Hikima mutane ne masu sana'o'i daban daban, suna haɗuwa, kowa ya karanta abin da ya rubuta, har ana sa su a gidan rediyon Kano. Mata ma ba a bar su a baya ba, ga Hauwa Gwaram, wadda waƙoƙinta da na Hajiya 'Yar Shehu suka fito a littafin Alƙalami a Hannun Mata. Ba gini suka fara yi ba, zama suka fara yi. Saboda haka kwamiti na gabatar da shawarwari guda 6, kuma muna roƙon Mai girma Sarki ya sa musu albarka.

Na 1, zaman karatun waƙa sau ɗaya a kowane wata, ranar Lahadin farko, daga bayan La'asar zuwa Magariba. Dattijo ya karanta baiti, yara su maimaita, a fassara kalmomi masu wuya, sannan a wuce. Waƙa ɗaya ta isa zama ɗaya, ko ma rabinta. Doka guda ce: gyara a yi shi da ladabi, dariya babu.

Na 2, muna roƙon shugabannin makarantun Islamiyya su ware rabin awa a mako don karatun Hausa, boko da ajami. Ba za ta rage wa Alƙur'ani komai ba, sai ma ta taimaka, domin yaron da ya ƙware a harshensa ya fi saurin gane fassara. Alawus ɗin malamin da zai ɗauki wannan aiki, mu 'yan kasuwa mu za mu ɗauka.

Na 3, littattafai. Ba ranar da mota ba ta tasowa daga Arewa zuwa garin nan. Duk wanda ya je Kano ko Zariya ko Sakkwato sayayya, ya leƙa wajen masu littattafai ya nemo mana Fasaha Aƙiliya, ko Imfiraji, ko waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja, sabo ko tsoho. Wanda kuma yake da su a akwati, ya ba da aro. Za a ajiye su wuri guda, da rajista, da mai kula.

Na 4, wannan aikin matasa ne. Wayar nan da ake kuka da ita, a juya ta ta yi mana aiki. Ku bi dattawanmu gida gida, maza da mata, da izininsu, ku ɗauki muryarsu suna karanta abin da suka haddace. Wanda yake da tsofaffin kaset-kaset ya fito da su a kwafe tun ba su ci kansu ba. Abin da aka ɗauka a riƙa turawa a zaurukan WhatsApp na unguwa. Wannan shi ya fi gaggawa, domin littafi zai jira, tsoho ba ya jira.

Na 5, iyayenmu mata, maganar gaskiya mabuɗin yana hannunku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ku ke tare da shi yana ɗanye. Ku yi musu tatsuniya, ku yi musu kacici-kacici, ku yi musu karin magana. Kwamiti a shirye yake ya taimaka ku yi naku zaman a cikin gida, yadda Nana Asma'u ta yi da matan zamaninta. Mu kuma maza, ko rabin awa ce bayan Isha'i, a ajiye lissafi a yi hira da yara da Hausa.

Na 6, mu rubuta namu. Sabo ta haura shekara 100. Wa ya waƙe zuwan kakanninmu, da wahalar hanya, da zaman amana da maƙwabta, da ranakun tsoro da Allah ya fitar da mu? In ba mu rubuta ba, wasu za su rubuta mana yadda suka ga dama. Aƙilu abin da ya gani da idonsa ya waƙe, girmama shi kuwa shi ne a yi irin aikinsa. A taron baɗi, in Allah ya kai mu, muna so a karanta waƙar da ɗan Sabo ko 'yar Sabo ta rubuta, kuma 'yan kasuwa sun yi alkawarin kyauta ga wadda malamai suka zaɓa.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai takarda a bakin ƙofa wajen sakataren kwamiti. Mai littafi ya rubuta littafi, mai kuɗi ya rubuta abin da zai iya, mai hadda ya rubuta sunansa da ranar da za a same shi a gida, mai yaro ya rubuta sunan yaronsa. Kada wanda ya fita bai rubuta komai ba, ko da alkawarin zuwa zaman farko ne.

 Allah ya jiƙan Alhaji Aƙilu Aliyu, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya rubuta na alheri ya zame masa sadaka mai gudana. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan unguwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da Nijeriya lafiya.